Amsa ga ƙanenmu mai rubuta fim ɗin kisan Alhaji

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ka ce kana rubuta fim mai dogon zango a kan wani Alhaji mafataucin shanu da aka kashe a hanyar dawowa Garwa, a arewacin Kamaru, daga kasuwar Adumri, kuma duk wanda ya karanta tun kashi na biyu yake gano mai laifin, shi ne kake neman dabarar ɓoye shi. Ni dai shawarata, ka daina wahalar ɓoyon nan.

Na daɗe ina riƙe da gidan kallo a unguwar Yelwa da ke nan Garwa, tun zamanin kaset har sidi ya zo ya wuce. Mazaunina gefen talabijin ne, ina fuskantar benci, don haka na fi sanin 'yan kallo a kan fim ɗin kansa. Fim ɗin da ake ɓoye mai laifi sai ƙarshe kwana ɗaya yake ci. Washegari wani yaro zai tsaya bakin labule ya ce "ai direban ne", shi ke nan ciniki ya mutu. Balle yanzu da WhatsApp. Wanda ake dawowa a sake biya a kalla shi ne wanda mu mun san mugun, mutanen gidan da ke cikin fim ɗin ne ba su sani ba. Ga shi zaune a tabarmar makoki yana karɓar gaisuwa, shi ne ma mai raba goro ranar sadakar uku, sai ka ji ɗaki ya ɗauka: "Kai, la'ananne!" Wani har ya miƙe yana nuna akwatin da yatsa. Columbo na Amurka, wanda muka riƙa kalla da Faransanci, a kan haka aka gina shi: tun farko ake nuna maka kisan da wanda ya yi, sauran duk yadda za a kama shi ne, kuma ba mai tashi.

To ka nuna mana shi tun kashi na ɗaya, amma ka fara nuna abin da ya kai shi. Duk wanda ya rayu a nan zamanin da zargina, wato 'yan fashi, ke tare hanya ya san ba da ka suke tarewa ba. Akwai wanda ke tsegunta musu daga kasuwa: wane ya sayar da shanu kaza, kuɗin na cikin 'yar ciki, zai taso bayan la'asar. Wannan mai tsegumin shi ne labarinka, ba masu bindigar ba. Dillalin Alhaji ne da bashi ya yi wa katutu? Ƙaninsa ne da aka danne wa gado? Ka bari mu ga ana yi masa tijara a bainar jama'a a kan jaka hamsin, mu tausaya masa, sannan ya aikata. Watakila ma fashi kawai ya yi zato, bai san za a kashe ba.

Sai maganar hukuma, inda yaranmu ke yawan kwafo Amurka. Kotun Kamaru ba ta da mutum 12 da ke zama gefe su yanke hukunci, alƙalai ne ke yankewa. Kisan da aka yi a hanyar ƙauye aikin jandarma ne, na cikin gari ne yawanci ke zuwa komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Dokar shari'ar laifuka ta 2005, wadda ta fara aiki a Janairun 2007, ta ba su awa 48 su tsare wanda ake zargi, ana iya sabuntawa sau ɗaya, abin da ya wuce haka sai da izinin mai gabatar da ƙara a rubuce. Ga agogo kyauta an ba ka, ka sa shi ya riƙa bugawa a cikin labarin. In babban laifi ne, daga nan sai gaban alƙali mai bincike.

Amma daɗin yana cikin gida. Jandarma na son likita ya duba gawa, dangi na cewa a ba su su yi sutura kafin magariba. Dattawa sun je wurin jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, suna neman a kashe magana a rufa asiri, wani ya ce a ɗauko Alƙur'ani a yi rantsuwa. Uwar mai tsegumin ta ga sabon mashin a zaure, ta san ɗanta ba shi da kuɗinsa, ta yi shiru ta zuba masa tuwo. Wannan kaɗai zai ci maka kashi biyu. Kada ka manta da harshe: kasuwa Fulatanci, gida Hausa, ofis Faransanci. Tsohuwa ta ba da shaida, tafinta ya rage kalma ɗaya, ɗan kallo ya ji, jandarma bai ji ba.

Ranar ɗauka kuma, kafin ka sa wa ɗan wasa kaki ko ka riƙa masa bindigar roba a bakin titi, ka nemi izinin hukuma a rubuce, takardar ta kasance a aljihunka, ba a gida ba.