An ga Candida a kwalbar jini ɗaya: a jira ko a fara magani?

Tambaya: Likita, ni nas ce a sashen tiyata. Muna da wani dattijo da aka yi wa aikin hanji kwana 12 da suka wuce, yana da tiyo a babbar jijiyar wuya, ta nan ake ciyar da shi. Zazzaɓi ya ƙi sauka duk da maganin bakteriya mai ƙarfi, meropenem. Jiya lab suka ce yis, wato ƙwayar fungas irin Candida, ya tsiro a kwalba ɗaya cikin biyun da aka zuba jininsa don gwaji, aka ce datti ne daga fata, a jira. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, kina da gaskiya. Aikin hanji, tiyon babbar jijiya, abinci ta jijiya, maganin bakteriya mai ƙarfi na tsawon kwanaki, duk abin da ke buɗe wa Candida ƙofa ya taru a jikin bawan Allahn nan.

Maganar "datti ne" ta ishe ni, wallahi. A kan wasu bakteriyar fata ana iya faɗin haka, amma ba a kan Candida ba. Ko kwalba ɗaya ce, cuta ce, a yi magani yau. Gwajin jinin ma kusan rabin masu cutar a cikin jiki yake kamawa, to wanda ya kama ta yaya za a kira shi kuskure? Abin takaici, a ga Candida a majina a ruga da magani, alhali can yawanci zama kawai take yi, a gan ta a jini kuma a naɗe hannu ana jiran "babba ya zo zagaye". Kafin ya zo ta sauka a ido, ko ƙoda, ko bawul ɗin zuciya. Kuma kafso ɗin fluconazole mai miligiram 150 da ake saya a kemis don ƙaiƙayin mata ba shi ne maganin wannan ba.

A fara da caspofungin, miligiram 70 ranar farko, sannan 50 kullum, ko micafungin 100 kullum. Suna da tsada, asibitoci da yawa ba su da su. In babu, kuma majinyacin bai galabaita ba, bai taɓa shan fluconazole kwanan nan ba, a ba shi fluconazole miligiram 800 ranar farko, sannan 400 kullum, ana lura da ƙoda. A cire tiyon wuyan da wuri, domin a jikin tiyon Candida take yin shimfiɗar da magani ba ya ratsawa. A maimaita gwajin jini kullum ko bayan kwana ɗaya. Kwana 14 na magani daga ranar da jini ya fita tsaf ake fara ƙirga su. Likitan ido ya duba shi cikin makon farko.

Ki matsa wa lab su faɗi wane nau'in Candida ne. Albicans ba ita kaɗai ke cin kasuwa ba yanzu. Parapsilosis ta fi bin tiyo da jarirai bakwaini, ta hannun ma'aikata take yawo. Krusei ba ta jin fluconazole sam. Auris, wadda aka fara ganowa a Japan a 2009, akasarinta ma ba ta ji, kuma tana daɗewa a kan gado da kayan aiki. In ita ce, a keɓe majinyacin, a goge ɗakin da sinadarin kulorin.