Kalmar "plummet" da nauyin dalmar da ke cikinta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, ina koyon fassara. Ina yawan cin karo da kalmar "plummet" a labaran tattalin arziki na Turanci, ƙamusuna kuma "faɗuwa" kawai ya ce. Mene ne bambancinta da "fall"? Kuma daidai ne in rubuta "the company plummeted its prices"?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ƙamusunki bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya ba ki.

Ina son wannan kalma saboda asalinta. Daga Latin ta samo tushe, "plumbum", wato dalma, ta bi ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci. Shi ya sa alamar dalma a kimiyya take Pb, kuma daga nan aka samu "plumber", don a da bututun ruwa na dalma ne. Da farko "plummet" suna ne na dunƙulen dalmar da ake ɗaurewa a bakin igiya: magini ya sake shi ya ga ko bango ya miƙe, matuƙin jirgin ruwa ya jefa shi ya auna zurfi. Ki kawo hoton nan a ranki. Dalma ba ta shawagi kamar ganye. Da an sake ta, ƙasa ta nufa kai tsaye, cikin ƙiftawar ido.

To haka aikatau ɗin yake. "Fall" kowace irin faɗuwa ce, ƙarama ko babba. "Decline" raguwa ce, sau da yawa a hankali. "Plummet" kuwa sai abu ya taho daga sama, da sauri, kuma ya yi nisa. A ranar 19 ga Oktoba, 1987, ma'aunin hannun jari na Dow Jones a Amurka ya zube da kashi 22.6 cikin ɗari a wuni guda. Wannan ita ce faɗuwar da ta cancanci kalmar. Ana faɗarta kuma ga zafin gari da ya sauka farat ɗaya, ko jirgin sama da ya rikito, ko farin jinin shugaba da ya dushe cikin 'yan kwanaki. Yana damuna idan na ga ɗan jarida ya ɗora ta kan raguwar kashi ɗaya ko biyu don kanun labari ya ja ido, domin ranar da babban abu ya faru ba shi da sauran kalmar da zai kama. Kullum ina jan layi a takardar ɗalibin da ya rubuta "plummeted gradually", don kalmomin biyu ƙaryata juna suke.

Jimlarki kuwa ba daidai ba ce. Abu da kansa yake yin "plummet", ba wani ke yi masa ba. Ki ce "prices plummeted", ko "the company slashed its prices". Idan suka biyo bayan "plummet", "by" na nuna yawan abin da ya ragu, "to" na nuna inda aka tsaya.

Wajen fassara, ni "rikitowa" na fi so ga abin da ido ke gani, "faɗuwa warwas" kuma ga farashi da darajar kuɗi. Ki furta ta "plamit" a gajarce, ƙarfin murya a kan "plam", kuma ki kula: "plummeted" da "m" biyu ake rubuta ta, "t" ɗaya.