Ina ɗalibi zai samu gurbin bincike kan kwamfutar kwantum a lokacin hutu?

Ɗan'uwa, ka ce kana aji uku a fannin fiziks, kana neman inda za ka yi bincike kan kwamfutar kwantum a dogon hutu. To, fara da gyara kalanda. Hutun da Turawa ke nufi Yuni zuwa Agusta ne, lokacin da mu muke tsakiyar damina, amma yawanci ana rufe karɓar takardu tun Janairu ko Fabrairu. Wanda ya jira Afrilu ya makara.

Kada ka ɓata ƙarfinka kan shirin REU na Amurka, wato shirin bincike na ɗaliban digirin farko. Kuɗin hukumar kimiyya ta Amurka (NSF) ne, na 'yan ƙasar da masu izinin zama na dindindin kawai. Duba IQC, cibiyar nazarin kwamfutar kwantum ta Jami'ar Waterloo a Kanada. Tana da USEQIP, makarantar mako biyu da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen waje, kuma ana iya neman gurbin bincike tare da ita.

Ni a ganina, wasiƙar shaida daga malamin da ya san aikinka ta fi dogon bayani tasiri. Kafin ka nema, ka ƙware a lissafin matiriks da yaren kwamfuta na Python, ka sauke Qiskit, manhajar IBM ta gwada aikin kwamfutar kwantum, kyauta ce. Haɗa kubit biyu (kubit shi ne ƙwayar bayani a kwamfutar kwantum) da ƙofar Hadamard da CNOT, wato matakan da ke sarrafa kubit, ka ga 00 da 11 suna fitowa kusan rabi da rabi, sannan ka ɗora aikin a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke nuna ayyukansu.