Kafin ki sauya tambarin shitonki, Hajiya

Tambayar ta zo ne daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi. Ta daɗe tana dafa shito, miyar barkonon nan ta Ghana, tana ɗurawa a kwalabe, tana kai wa masu shaguna a Kejetia da Asawase. Sitikarta rawaya ce mai hoton tukunya, murfin kwalbar ja. Ɗanta ya ce tambarin ya tsufa, har ya kawo sabon zane baƙi mai ruwan zinari da sabon suna. Tana so ta san ko sauyin zai biya kuɗinsa.

Hajiya, yaron yana da gaskiyarsa, domin manyan kantuna suna duba tsabtar zane kafin su karɓi kaya. Amma zanen da ya kawo ya share duk abin da masu saye suka san ki da shi a lokaci guda. Ki je wurin masu shaguna biyar ko shida ki tambaye su yadda mutane ke neman kayanki. Da wuya su ambaci sunan da ke rubuce. Za ki ji ana cewa "mai tukunya" ko "mai jan murfi". Abin da suka faɗa, shi ne ba za a taɓa ba. A Kejetia mai saye bai da lokacin karatu, wani ma bai iya ba, launi yake hangowa daga nesa. Ranar da ya ga baƙar kwalba da sunan da bai sani ba, zai ɗauka jabu ce ko kayan wani.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan. A 2009 kamfanin lemon kwali na Tropicana a Amurka ya cire hoton lemon da aka soka wa tsinken zuƙa, ciniki ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari cikin wata biyu, dole ya koma tsohon kwalinsa. Nan gida kuwa, da MTN ta sauya tambari a 2022 ba ta saki rawaya ba, da Vodafone ta koma Telecel a 2024 jan launin ya zauna.

Don haka a gyara, kada a rushe. A sake zana tukunyar da layuka masu tsabta, a rage yawan rubutu, a ƙara girman suna, a bar rawaya da ja.

Kuɗin mai zane ba shi ne babban kashewa ba. Ki zauna da biro ki lissafa sitika, kwali, allon shago, hatimi, takardar rasit da rigunan yaran da ke kai kaya. Ki haɗa da tsoffin sitikun da ke ajiye, domin su ma sidi ne kika biya. Kada ki zubar da su. Ki ƙarar da su tukuna, sannan sabuwar ta shigo, kuma na wata uku ki bar ƙaramin hoton tsohon tambarin a gefe. Masu shaguna su fara gani a hannunki kafin kaya ya isa kanta, don su ne za su amsa tambayar mai saye.

A wurin mai zane, kada ki karɓi hoton da aka turo ta WhatsApp kawai. Irin wannan yana fashewa idan aka faɗaɗa shi a allo. Ki nemi asalin fayil ɗin, nau'in AI (na manhajar zane ta Adobe Illustrator) ko SVG ko PDF, da lambobin launi na CMYK da masu ɗab'i ke aiki da su, in ba haka ba kowane bugu da irin rawayarsa. Ku rubuta a takarda cewa zanen ya zama mallakinki bayan biya. Sannan a buga guda 50 kawai na gwaji, ki manna a kwalba, ki shafa mata man shito, ki ajiye a rana kwana biyu. Sitikar takarda zalla tana shan mai ta yi baƙi, mai rufin leda ce ke jurewa. Ruwan zinarin nan kuma, in ba a biya kuɗin bugu na musamman ba, launin ƙasa-ƙasa yake fitowa.

Saura batun hukuma. Rajistar sunan kasuwanci daban take da rajistar tambari, mutane da yawa suna haɗa su. Tambari ana yi masa rajista ne a ƙarƙashin dokar alamomin kasuwanci ta 2004, kariyar tana ɗaukar shekara 10 ana sabuntawa. Ki sa a bincika tukuna ko wani bai riga ki da makamancinsa ba. In shitonki yana da rajistar hukumar abinci da magunguna, FDA, ki kai musu sabuwar sitikar su duba kafin babban bugu, musamman in sunan zai sauya. Ki tabbatar mai zane bai matse wurin kayan haɗi, nauyi, adireshi, lambar rukunin dahuwa da ranar ƙarewa ba don neman kyau.

Sunan kuwa, sai in wani ya riga ki yi masa rajista ko ana rikita shi da na wani, shawarata ki bar shi yadda yake.