An ƙwace mata fasfo, an hana ta albashi: wa zai tabbatar an yi fataucinta?

Tambaya: Malam, ina zaune a Jidda. Wani ejan ya kawo ƙanwata aikatau Riyad. Uwar ɗakinta ta riƙe fasfonta, ba albashi, ba fita. An ce min tunda da ƙafarta ta zo, hukuma ba za ta saurare ta ba. Ina zan dosa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo mafita. Ofishin jakadancin Najeriya zai iya ba ta takardar komawa gida, amma ba shi ke tabbatar da an yi fataucinta ba. Wannan aikin hukumomin Saudiyya ne. Tun 2020 suna da tsarin miƙa irin wannan ƙorafi ƙarƙashin kwamitin da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ke jagoranta. Ma'aikatar ƙwadago, a lamba 19911, tana karɓar koke, ofishin mai gabatar da ƙara kuma shi ke bincike.

Maganar "da ƙafarta ta zo" kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kullum sai an faɗa min, kuma dillalai ne ke baza ta don rufe bakin 'ya'yan mutane. Dokar Saudiyya ta hana fataucin mutane ta 2009, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ko tarar riyal miliyan 1, ta fito fili: yardar wanda aka zalunta ba ta wanke mai laifi. Yarinya ta yarda ta yi shara da wanke-wanke a biya ta. Yaushe ta yarda a kulle ta? Sa hannu a kwantiragi ba sayar da kai ba ne.

Illar jita-jitar nan ita ce yarinya ta yi shiru har tura ta kai bango, ta tsere gidan wani dillalin, kafil, wato maigidan da bizarta ke ƙarƙashinsa, ya rigaye ta ya kai rahoton hurub, wato cewa ta gudu daga aiki. Shi ke nan mai ƙara ta koma wadda ake nema, sai tarhil, wato a tsare ta a koro ta gida, haƙƙinta ya bi ruwa. Mai cewa ki kawo kuɗi ya samo mata "takarda", ɓarawo ne, ku ji tsoron Allah.

Gara ƙanwarki ta kai ƙara tun tana gidan, sai dai in ranta na cikin haɗari. Ki adana hoton fasfo, kwantiragi da saƙonnin ejan. Dokar ta ba ta damar a yi mata bayani da harshen da take ji, a duba lafiyarta, a ba ta mafaka. Ejan kuma, ku kai sunansa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya.