Kawu, ba jikinka ne ya saba da kafson ba

Salamu alaikum. Kawu, na ji muryarka tun hantsi, aiki ne ya riƙe ni a ɗakin gwaji. Ka ce kafso ja-da-rawayan nan da yake tsayar maka da gudawa a da, yanzu ko gezau, wai ko jikinka ne ya saba da shi. Wallahi jikinka ba ruwansa. Ƙwayar cutar ce ta samu laya kamar ɗan tauri, kuma galibi aro ta yi.

Ka ga, DNA ɗin bakteriya, wato rubutun gadon ƙwayar cutar, dogon zare ne na harufa da aka haɗa bakinsa ya zama zobe. A jikinsa akwai wasu guntaye marasa zama wuri ɗaya, tiransfozon muke ce musu. Kowanne da alama iri ɗaya a gefensa biyu, suna fuskantar juna, kuma yana tafe da almakashinsa. Almakashin ya gane alamun nan, ya datse guntun, ya je wani wuri ya tsaga zaren ya ɗinke shi a ciki. Har tabon ɗinki yake bari. Wanda ake kira Tn10, duk inda ya sauka sai ka tarar harufa 9 na wurin sun maimaitu a dama da hagu. To shi wannan Tn10 ɗin, layar tetarasaikilin yake ɗauke da ita, wato kafsonka ke nan. Famfo yake sa ƙwayar ta ƙera, maganin na shiga tana tofo shi waje. Akwai kuma Tn3, shi ya fi wayo, ba ya tashi daga inda yake, kwafin kansa yake aikawa. Layarsa ta farfasa maganin amfisilin ce.

Af, kar in rikita ka. Na ce aro, to guntu irin Tn10 ba ya iya fita daga ƙwaya da ƙafarsa. Akwai wani ɗan ƙaramin zobe daban, filasmid, shi ne ɗan acaɓansa. Guntun ya yi tsalle ya haye kan filasmid ɗin, sai ƙwaya biyu su matso su manne, a miƙa wa ɗayar kwafin zoben. Ko ba dangi ɗaya ba ne. A Japan aka fara kama ƙwayoyi suna wannan aron a shekarun 1950, ƙwayar atini ta ƙi jin magani huɗu lokaci guda, a 1959 aka nuna layar tana wucewa tsakaninta da wata ƙwayar hanji mai suna E. coli. Ita tsalle-tsallen ma a masara wata baiwar Allah, Barbara McClintock, ta fara ganinta a Amurka tun shekarun 1940, aka yi ta share ta, sai 1983 aka ba ta Nobel. Bar wannan dai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, maƙwabcin nan nawa mai kaji, kun san shi. Kullum safiya sai ya barbaɗa garin tetarasaikilin a ruwan shansu, lafiyarsu ƙalau fa, wai rigakafi. Kashin ya sayar wa masu lambu, ruwan wanke keji ya bi kwata ta ƙofar gidana inda yara ke wasa. Duk ƙwayar da ba ta da laya ta mutu, mai laya ta samu fili ta yi ta haihuwa tana rabawa. Na yi masa magana sau uku, na ƙarshe a gaban mutane bayan Magariba ya ce mini boko ne ya yi mini yawa. Ni! A Sin ma a 2015 a jikin aladu aka gano layar kolistin, maganin da likitoci ke ɓoyewa sai ta ɓaci, kuma a kan filasmid take. Na faɗa masa wannan, ya ce shi ai ba aladu yake kiwo ba.

Kai dai Kawu kar ka ƙara sayen wani a kemis. Gobe da safe a kawo mini bayan gida a ɗan kwalba mai tsabta, mu shuka ƙwayar mu ga wane magani take ji, kwana biyu zuwa uku ne. Ka riƙa shan ruwan gishiri da sukari kafin nan. Ga kiran salla, sai anjima.