Tsakanin Yashica da Rolleicord: abin da na gani a aikace

Malam, ka ce an kawo maka tallar kyamarori biyu masu amfani da fim, Yashica Mat-124G da Rolleicord, kana son sanin wadda ta fi dacewa da mai ɗaukar hoto a karkara. Na yi shekaru ina aiki da duka biyun a nan yankin Gumel, na kuma taɓa aron Mamiya C330.

Tsarinsu ɗaya ne: kowacce tana da idanu biyu na gilashi a gaba, ɗaya a saman ɗaya. Idon sama yana jefa hoton a madubi, ka gan shi a gilashin da kake leƙawa daga sama, idon ƙasa kuwa shi ke ɗauka. Fim ɗinsu lamba 120 ne, hoto 12 kacal, kowanne santimita 6 tsawo da faɗi. Abin da ya fi ɗaure ni ga irin wannan kyamara shi ne mai ɗauka yana sunkuyar da kai, ba ya nuna mutum da ita a fuska. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis, bayan na gaisa na nemi izini, dattawan da ke cinikin shanu sukan koma hirarsu su manta da ni, abin da ban taɓa samu da kyamarar da ake karawa a ido ba. Sai dai ka sani dama da hagu a juye suke a gilashin. Ranar da na fara ɗaukar hawan Sallah, doki ya yi dama ni na bi hagu, na yi asarar rabin fim.

Rolleicord 'yar Jamus ce, kamfanin Franke & Heidecke na Braunschweig ya fito da ita a 1933 a matsayin ƙanwar kyamararsu Rolleiflex, amma mai sauƙin kuɗi. Tawa tana da idon Xenar, kuma sai na naɗa fim daban, na ɗana shata, wato ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga fim, daban. Wannan yana ɓata lokaci, amma kayan cikinta ba su da yawa, shi ya sa ba ta cika ba ni matsala ba. Yashica 'yar Japan ce, an yi wannan samfurin daga 1970 zuwa 1986, kuma juya hannunta sau ɗaya yana gama ayyukan biyu. Tana da ma'aunin haske, amma kada a ƙara maka kuɗi saboda shi, domin an daina ƙera batirin da aka yi shi da shi. Wajen kyawun hoto, idan na rage buɗin ido zuwa 8, ba na iya bambance su. Mamiya kuwa tana canza idanu, tana da zuga-zugi irin na maƙeri don ɗauka kusa, amma nauyinta ya kusa kilo 2, kuma a kan babur wahala ce.

Ni Rolleicord zan ɗauka, in dai lafiyarta ƙalau, domin mai gyara ya yi mana nisa. Kafin ka biya, buɗe bayanta, saita shata a daƙiƙa ɗaya, ka saurara ko tana sarƙewa, sannan ka haska fitila a idon ƙasa, ka duba ko akwai wani zare-zare kamar yanar gizo, wanda danshin damina ke haifarwa. Da hunturu kuma kada ka goge ƙura da bakin riga. Ka fara hure ta tukuna, don yashi yana karce gilashi.